Ɗalibaina ba su san Farfesa Alele-Williams ba

Edita,

Assalamu alaikum. Ni malamar lissafi ce a wata sakandaren 'yan mata. Makon jiya na tambayi ɗalibaina ko sun taɓa jin sunan Grace Alele-Williams, sai ajin ya yi tsit. Wallahi abin ya tsaya mini a rai.

Haifaffiyar Warri ce, a 1932. Ta yi digirin digirgir kan koyar da lissafi a Jami'ar Chicago ta Amurka a 1963, zamanin da ko sakandare da ƙyar 'ya mace ke kaiwa. A 1985 ta zama shugabar Jami'ar Benin, mace ta farko da ta hau irin wannan kujera a Najeriya. Ta rasu a 2022.

Don Allah ku ware mata shafi guda, in yanka in manna a bangon ajinmu.

Malamar lissafi, Zariya