Rahoton Ayyukan Ƙungiya na Shekarar 2025

Assalamu alaikum, iyayenmu dattawa, shugaba, da sauran 'yan uwa maza da mata.

Tun farkon Janairu ya kamata rahoton nan ya iso hannunku. Ma'aji ne ya ƙi rufe littafi, yana jiran masu cewa "gobe zan turo". Mun gaji da jiran goben, ga shi nan yadda yake.

Ƙungiyarmu ta 'yan Arewa mazauna Ibadan ta yi zaman wata-wata kamar yadda aka saba, ban da na azumi da na babbar sallah.

Nauyin shekarar ya faɗo mana ne a ƙarshen azumi. Ranar Alhamis 27 ga Maris aka tare motar mafarautan nan a Uromi ta jihar Edo, suna hanyarsu daga Fatakwal zuwa Kano don yin sallah. Aka ga bindigoginsu na farauta, aka ce masu garkuwa da mutane ne, aka kashe 16 daga cikinsu. Allah ya jiƙansu da rahama. Uromi na da nisa da Ibadan, amma kafin a ankara bidiyon ya shiga wayar kowa. A gefe guda ga masu rubuta cewa duk ɗan Arewan da ke Kudu ɗan leƙen asirin 'yan ta'adda ne, a ɗaya gefen ga namu masu kiran a rama. Wanda ya ga abin da ya faru a kasuwar Shasha ta nan Ibadan a Fabrairun 2021 ya san gardama ce kawai tsakanin ɗan dako da wata mai shago ta kai ga asarar rayuka, ƙone shaguna da rufe kasuwa. Shi ya sa 'yan kwamitin sa ido suka yi sallarsu da waya a kunne. Duk jita-jitar da ta fito, sai an kira mutum a unguwannin Sabo, Ojoo, Bodija ko Akinyele ya je ya gani da idonsa kafin a ce wa jama'a komai. Katin wayar da suka ƙone daga aljihunsu ya fito, kuma har yau ƙungiya ba ta mayar musu ba.

Daga nan aka samo shawarar taron da muka yi da maƙwabta bayan sallah, kuma wallahi ko shi kaɗai muka yi a 2025 ba mu yi asarar shekara ba. Mun gayyaci shugabannin mata 'yan kasuwa Yarabawa, shugabannin 'yan acaɓa, limamai, wani fasto da wata lauya. Mun yi zaton kujerun da muka yi haya za su yi yawa, sai ga shi har tabarmi aka aro daga masallaci. Samarinmu suka haska wani bidiyo a bango da majigi, wanda aka yi ta yaɗawa ana cewa shagunan Hausawa ne ake ƙonawa a Ojoo. A gaban kowa suka ɗauki hoton allon, suka saka shi a Google Lens, manhajar da ke gano asalin hoto, sai ga shi tsohuwar gobara ce a wata jiha daban, babu ruwanta da faɗan ƙabilanci. Wata dattijuwa mai sayar da tumatir ta miƙe ta kwance wayarta daga bakin zane, ta ce sai an koya mata a nan take, domin ita ma ta tura wa 'ya'yanta irinsa, sai dai nata cewa aka yi Hausawa ne suka cinna wutar. Wuri ya kaure da dariya.

Lauyar ta yi bayani da Turanci, ana fassarawa da Hausa da Yarabanci. Ta karanto sashe na 41 na kundin tsarin mulki, wanda ya ba kowane ɗan ƙasa 'yancin tafiya da zama a duk inda ya so a Najeriya, da sashe na 42 da ya hana nuna bambanci saboda ƙabila, addini ko asalin mutum. Ta kuma ja kunnenmu da sashe na 26 na dokar laifukan intanet ta 2015, mai hukunta yaɗa kalaman ƙyamar wata ƙabila, ta ce dokar ba ta ware kowa ba. Faston kuwa Bazazzage ne, da Hausa ya yi magana. Ya yi ta'aziyyar mutanen Uromi, sannan ya tuna mana ɗalibar nan Kirista da aka kashe a Sakkwato a Mayun 2022, ya ce nan ma daga saƙon murya a waya abin ya taso, kuma a can Kiristoci ne 'yan tsiraru. Na san akwai waɗanda maganar ba ta yi wa daɗi ba, sun same ni daga baya. Amsata ita ce dai wadda na ba su: ba za mu kira mutum ya saurari kukanmu ba sannan mu toshe kunne idan ya kawo nasa. An rufe da tuwo da amala, godiya ta musamman ga ɓangaren mata da suka kwana a kan murhu.

Ribar taron ita ce zauren WhatsApp na haɗin gwiwa da aka buɗe da shugabannin maƙwabtan. A watan Yuni, da aka kashe 'yan ɗaurin auren nan na Zariya a Mangu ta jihar Filato, ta zauren muka kashe jita-jita da dama kafin su isa kasuwa.

Sai abubuwan da ba a kammala ba, tunda na san su za a fara tambaya. Rajistar ƙorafe-ƙorafe ta tsaya. Kowa na da labarin mai gidan da ya fasa ba shi haya da jin sunansa, ko 'yan sintirin da suka sauke shi daga mota saboda kamanninsa, amma da an ce a rubuta rana da wuri sai a ce "bar wa Allah". Lauya ba ta iya shigar da ƙara da labarin bakin shayi. Katin shaida na matafiya kuma, an ɗauki hotuna, an biya mai bugawa kafin alƙalami, ragowar kuɗin ne babu. Katunan na nan a shagonsa. Takardar wayar da kai an rubuta ta Hausa, ta Yarabanci tana jiran ladan mai fassara. Rahoton da muke kai wa masu shafukan sada zumunta kan rubuce-rubucen ƙiyayya ma ya ja baya, domin aiki ne na mutane da yawa a lokaci guda, mu kuwa fuskokin nan ne dai da ba su cika benci biyu ba.

Masu cewa kwamiti ya yi barci, ku duba littafin ma'aji. Waɗanda suka biya kuɗin wata cikakke ba su kai sulusinmu ba. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Abin da ya fi ci mini rai, cikin waɗanda ake bin bashin shekara guda cur akwai waɗanda suka fi kowa tura saƙonnin murya marasa tushe a zaurenmu, har da masu zagin ƙabila ɗungurungum. Mai kula da zaure ya goge, su kira ni da dare suna faɗa. Idan aka tsare ɗan uwansu a hanya kuma, lambata ce ta farko. Za mu ci gaba da ɗagawa, amma a ji tsoron Allah.

Kwamitin zartarwa ya yanke cewa daga yanzu duk wanda ya tura abin da ba a tantance ba za a gargaɗe shi, in ya sake a cire shi na wata guda. Masu bashi su ga ma'aji kafin zama na gaba, a biya ko da kaɗan-kaɗan ne. Kuɗin da ya fara shigowa na karɓo katunan ne, sai na 'yan kwamitin sa ido. A zaman ne kuma za a yi zaɓe, kuma kujerar sakatare na cikin waɗanda ke neman sabon hannu.

Wassalam.
Sakatare