Ki Koma Awon Nan

'Yata,

Gaisuwa mai yawa, da fatan ke da maigidanki kuna lafiya.

A bakin ƙanwarki na ji, ba a bakinki ba, kuma abin ya yi mini ciwo. Wai sikanin ɗin mako 12 ya nuna mafitsarar ɗan cikinki ta kumbura, ta kai milimita 11, sai kika ninke takardar kika ɓoye, kika ce ke da asibiti sai haihuwa.

Ki saurare ni, shekara talatin na yi ina aikin ungozoma. A irin watannin nan, mafitsara in ta kai milimita 7 ake cewa ta yi girma. Tsakanin 7 da 15, matuƙar gwajin ƙwayoyin halitta ya fito lafiya, wajen tara cikin goma takan sace da kanta. Naki a nan ya faɗa. Wadda ta haura 15 ce aka fi zargin toshewar hanyar fitsari, galibi ga 'ya'ya maza, inda wani ɗan tantani ke tare hanyar.

Ruwa ne ke hana ni barci. Daga wajen mako 16, yawancin ruwan da yaro ke kwance a cikinsa fitsarinsa ne. In hanya ta toshe, fitsarin ya koma baya ya danne ƙoda, ruwan ya ƙafe, huhu kuwa ba ya girma sai da ruwan nan. Uwa ba ta jin komai, ba ciwo, ba jini. Kina harkarki ruwa na raguwa. Na'ura kaɗai ke gani. In an gano da wuri, akwai waɗanda ake sa wa siririn bututu tun suna ciki, wasu kuma a buɗe musu hanyar bayan haihuwa.

Kuna cewa na cika matsawa. Wadda ta ga abin da na gani shekarar da muka rasa ƙaninki, dole ta matsa. Ni ban samu mai nuna mini cikina ba. Ke an nuna miki, kin kawar da kai! Taurin kan babanki ne wannan, kuma ba da ranki kaɗai kike yinsa ba.

Na san tsoro ne, 'yar nan. Ni ma da na ji, sai da na nemi wurin zama. Ki fito da takardar, ranar Litinin in Allah ya kai mu zan zo mu tafi tare. Ki kira ni yau da dare.

Mahaifiyarki.