Wuta na ɗaukewa, amma wa'adin ajiye dosiye ba ya jira

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da ma'aikatanka, ina roƙon ɗan fili a jaridarka in yi magana kan wani abu da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya.

Ni ban taɓa aikin gwamnati ba. Ɗan shago gare ni a nan Damagaram, mai kwamfuta biyu da injin fotokopi guda, kuma shekara goma sha bakwai ke nan ina buga wa mutane takardu. Yawancin masu zuwa wurina samari ne da ƴan mata masu neman aiki. In buga musu takardar neman aiki, in tsara musu tarihin karatunsu, in jera takardun a fayil yadda sanarwa ta ce. Saboda haka na san hidimar neman aiki ta wajen bakin ƙofa, inda masu jira suke zama.

Wanda bai taɓa haɗa dosiye ba zai ɗauka takarda ɗaya ce. Ana son takardar haihuwa, da ta zama ɗan ƙasa, da ta kotu mai nuna ba a taɓa ɗaure mutum ba, wadda kuma ba a karɓa in ta wuce wata uku. Ana son kwafin diplom da aka buga wa hatimi, sau da yawa kuma a ce sai da katin mai neman aiki na ANPE, hukumar da aka kafa tun 1996 don haɗa masu neman aiki da masu ɗauka. Kowace takarda da ƙofar da take fitowa, da mai sa mata hannu, da kuɗin tambur ɗinta. Ranar rufe karɓa kuwa ɗaya ce tak, har da ƙarfe nawa. In ƙofa ɗaya ta rufe kwana uku, sauran wahalar duk ta tashi a banza.

A damanar 2023 wani yaro ya zo mini daga wani ƙauye a wajen Magarya. Ya gama karatun lissafin kuɗi, ya ga sanarwar wata ƙungiya mai neman akawu. Ran Talata ya iso, ran Juma'a za a rufe. Uwarsa akuya ta sayar ta ba shi kuɗin mota da na takardu, shi ya faɗa mini da bakinsa. Mun haɗa komai, saura takarda ɗaya. Ba zan faɗi wace takarda ba, ba zan kuma kira sunan buro ba, domin ba tonon silili ya kawo ni ba. Ran Talata babu kuran, injin janareta yana nan amma babu gazuwal. Ran Laraba wuta ta zo, aka ce babu rezo, kwamfuta ba ta buɗe wurin da ake shigar da suna. Ran Alhamis ga wuta ga rezo, sai aka tarar mai sa hannu ya tafi misiyo Yamai, hatimi kuma yana cikin aljihun teburinsa a kulle. Daga nan zuwa Yamai kusan kilomita 900 ne, ba tafiyar da za a ce a jira mutum ya dawo bayan la'asar ba ce.

Ni da kaina na raka shi ran Alhamis ɗin. Matar da muka tarar a teburi ba ta wulaƙanta mu ba, wallahi har ta fi mu damuwa. Ta ce, “Baba, in na rubuta masa da hannu wa zai karɓa? Kuma wa ya ba ni izini?” Na rasa amsa. Gaskiyarta ne. Babu wanda ya taɓa rubuta mata abin da za ta yi in wuta ta ɗauke, ko in shugaba ba ya gari. In ta yi gaban kanta kuma abu ya ɓaci, ita za a tuhuma. Sai ta zaɓi abin da ba zai ja mata laifi ba, ta ce mu yi haƙuri mu dawo Litinin.

Wani zai ce ai lokacin takunkumi ne, kowa ya ji a jikinsa. Haka ne. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 Najeriya ta yanke wutar da take ba mu a farkon Agusta, mu kuma nan da Maradi layin da ya taso daga Katsina ya biyo ta Gazawa shi ne babban abin dogaronmu. Sai bayan da CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ta ɗage takunkumi a ƙarshen Fabrairun 2024 wutar ta dawo. To amma a duba baya da gaba. A Maris na 2020 korona ta shigo, aka killace Yamai, aka hana taruwa. A ƙarshen Fabrairun 2021, bayan zaɓe, intanet ɗin waya ya ɗauke kamar kwana goma. A 2024 ruwa ya yi ɓarnar da tsofaffinmu suka ce ba su taɓa gani ba, har tsohon masallacin unguwar Birni a nan Damagaram ya faɗi ran 3 ga Satumba, aka kuma ɗage komawa lakkol zuwa 28 ga Oktoba. Sau huɗu ke nan cikin shekara biyar, kowanne da kamarsa. Ban ƙidaya zafin Afrilu da ke kashe injuna ba, ko ƙurar hunturu da ke shiga cikin kwamfuta ta toshe ta. Abin da yake dawowa haka ya wuce a kira shi ba-zata.

Abin da nake roƙon ma'aikatar da ke kula da ƙwadago da samar da aikin yi shi ne shirin ko-ta-kwana a rubuce, na kowane buro, wanda ƙaramin ma'aikaci zai iya ciro shi daga aljihun tebur ya karanta ya yi aiki da shi. Shafi uku ko huɗu sun isa. Na ga irin manyan kundayen da ake bugawa bayan taron bita a otal, wasu ma a shagona aka yi musu fotokopi, kuma na san inda suke ƙarewa.

Abu na farko da ya kamata takardar ta faɗa shi ne wane aiki ne ba ya jira. Tara alƙaluman shekara zai iya jiran wata guda. Bita na iya jira. Rajistar mai neman aiki da sabunta katinsa ba sa jira, domin wa'adin wani ne ke tafiya a kansu. Haka ma'aikacin da aka kora ya kawo kuka wurin sufeton ƙwadago. A tsarin dokar aikinmu, wadda aka sabunta a watan Satumban 2012, wurin sufeto ake fara neman sulhu kafin magana ta kai kotun ma'aikata, to in ƙofarsa ta rufe, mutumin nan ba shi da albashi ba shi da wurin kai ƙara. Haka wanda inji ya cinye wa hannu a wurin aiki, ana son a sanar da hatsarin da wuri don CNSS, hukumar inshorar ma'aikata, ta ɗauki nauyinsa. Waɗannan su ne ya kamata a ce ko da fitilar hannu za a yi su.

Sai maganar kaye. Na san masu son zamani za su yi mini dariya, amma kafin kwamfuta ta zo da babban littafin rajista ake aiki, kuma bai taɓa cewa babu rezo ba. A buga littattafai masu lamba a jere, kowane shafi da rabin da za a yage a ba mutum, da hatimi a kai. Ranar da inji ya tsaya sai a ciro. A rubuta suna da rana da sa'a, a ba shi rabinsa, in wuta ta dawo a shigar da shi kwamfuta da ranar da ya zo, ba ranar da aka shigar ba. Amma wannan rabin takardar ba ta da amfani sai ma'aikatar ta sanar da kamfanoni da ƙungiyoyi tun yanzu cewa halattacciya ce, a karɓe ta na kwana kaza kafin ta ainihi ta fito. Tambayar da matar nan ta yi mini ke nan, wa zai karɓa. Lambar da ke jere ita za ta hana wani ya sayar da shafi a bayan fage, domin duk shafin da ya ɓata za a gani.

Maganar sa hannu ta fi komai ba ni haushi, saboda ita ce ba ta cin ko dala. A rubuta: in shugaba ba ya nan wane ne, in shi ma ba ya nan wance ce. A liƙa a bango. Hatimi ya zauna inda mutum biyu suka san mabuɗinsa. Na fahimci tsoron da ake ji, hatimi amana ce, an kuma sha ganin inda aka ci amanarsa. To a sa littafin da duk wanda ya ɗauka zai rubuta abin da ya buga wa. Shugaban da ya tafi da mabuɗi a aljihu ya tsare kansa daga zargi, amma mutum talatin da ke zaune a inuwar bango su suka biya kuɗin.

Ni ma a ɗan shagona sai da na sha wuya na koya. Wata shekara kwamfutata ta ƙone da takardun mutane fiye da ɗari a ciki, na yi sati biyu ina ba da haƙuri. Tun daga ranar, duk Alhamis nake kwafe komai a kile biyu na USB, ɗaya a shago ɗaya a gida cikin akwatin uwargida. Na sayi pano guda na hasken rana da batir, ba sa ɗaukar injin fotokopi amma suna riƙe kwamfuta ɗaya da ƙaramin firinta har magariba. Mun kuma yi yarjejeniya da wani mai shago irin nawa a wajen Kasuwar Dole, in nawa ya tsaya in tura masa mutanena, in nasa ya tsaya ya turo mini. Ba wayo na fi kowa ba, asara ce ta koya mini. In mai shago ya iya, buro mai kasafin kuɗi zai iya. Wanda ya tuna gobarar da ta tashi a ma'aikatar shari'a a Yamai a Janairun 2012 ya san abin da ake nufi da ajiye takardu wuri ɗaya. Fayilolin masu neman aiki da kwantiragin ma'aikata na jihar nan su ma suna son kwafi a wani gini daban, a kan kanta mai tsawo, ba a ƙasa cikin kwali inda ruwa da gara ke kaiwa ba.

Jihar Damagaram kuma ba birni kaɗai ba ce. Mai zuwa daga Tanut ko Gure ya ci hanya fiye da kilomita ɗari, na Tasker ya fi haka nesa ba kusa ba. Mutum ya biya mota ya zo ya tarar da ƙofa a rufe, babu ko takarda a manne. Ga gidajen rediyo a gari da na karkara da kowa ke saurare, ga WhatsApp a wayar kowane saurayi a fada, wato majalisar hirar samari. Sanarwar minti ɗaya da Hausa da Barbarci ta isa: buro kaza ba ya aiki yau, a je wuri kaza, ko a jira zuwa rana kaza. In kuma tsayawar ta wuce kwana biyu, ma'aikatar ta sa a ƙara wa'adin duk sanarwar ɗaukar aiki da ta bi ta hannunta da adadin kwanakin da aka rasa.

Na san za a ce babu kuɗi. Pano da batir suna cin kuɗi, ban musa ba, a fara da kwamfuta ɗaya a kowane buro. Sauran duk takarda ce da biro da yarda. Abin da na fi tsoro shi ne a rubuta shirin a ajiye. Ba a fafe gora ranar tafiya. Sau ɗaya a shekara, kafin damana, a kashe wutar buro da gangan tun safe zuwa azahar, a ce wa shugaba ya zauna gida, a ga ko aiki zai tafi. Ranar za a gano littafin rajistar yana cikin kabad ɗin da mabuɗinsa ya ɓata, ko lambar wayar da aka rubuta ta wanda ya yi ritaya bara ce.

Jami'ar André Salifou tana yaye ɗalibai duk shekara, makarantun koyon sana'a ma haka. Wuraren ɗaukar aiki a nan ba su da yawa, daga gwamnati sai matatar mai ta SORAZ da ke hanyar Tanut, sai ƙungiyoyi da ƴan kamfanoni. Gurbi ɗaya mutum ɗari ke nema. Yaron da ya faɗi don wani ya fi shi ƙoƙari zai haƙura ya sake gwadawa. Wanda ya faɗi don hatimi yana cikin aljihun tebur, shi ne nake ji a fada yana cewa neman aiki a ƙasar nan sai mai uwa a gindin murhu, ko da kuwa babu wanda ya cuce shi da niyya.

Malam Edita, in da hali ka tura wakilinka na nan ya zaga burorin da abin ya shafa da tambaya ɗaya: in yau wuta ta ɗauke kwana uku kuma shugaba ba ya gari, wa zai sa hannu, a kan wace takarda? Ya buga amsoshin yadda aka ba shi. In akwai buron da ya riga ya yi wannan shiri, a faɗi sunansa, ni ne na farko da zan je in yi musu godiya.

Yaron Magarya yana nan gari, kabu-kabu yake yi da babur ɗin wani. Yakan tsaya ya gaishe ni in ya sauke fasinja kusa. Dosiyensa na cikin aljihun teburina, na ce ya bar shi ko wata sanarwa za ta fito. Takardar kotun ce kawai za mu sake nema, tasa ta daɗe da wuce wata uku.

Na gode da fili.

Naka,
Mai shagon buga takardu,
Sabon Gari, Damagaram.