A riƙa tunawa da masu gadin hadari a labarin guguwar Amurka

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina da ɗan tsokaci a kan yadda ake kawo mana labarin mahaukaciyar guguwa a Amurka. Duk sanda ta yi ɓarna, abin da muke samu shi ne hoton gidajen da suka rushe da adadin waɗanda suka rasu, sai jawabin gwamna. Ba laifi. Amma akwai wasu bayin Allah, wato masu gadin hadari da ke sa ido a kan sama suna kai wa hukuma rahoto, da ba na jin an ambace su, alhali su ne sanadin tsirar mutane da yawa.

A jihar Oklahoma nake zaune, inda daga Afrilu zuwa Yuni kowa ido yake sama. Asabar ɗina ta farko a unguwarmu, da tsakar rana tsaka, sai jiniya ta ɗauka. Na suri yara na yi waje babu ko takalmi, ga sama fes ba ɗigon gajimare. Maƙwabcina, wani dattijo da ya yi ritaya, yana tsaye yana wanke mota, ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce gwaji ne, haka ake yi kowace Asabar. Ni kuwa da ma na sa masa ido, don dogayen eriyoyin da ke kan akori-kurarsa sun sa na ɗauka ɗan sandan ciki ne. Ashe mai gadin hadari ne.

Shirin nasu sunansa SKYWARN, hukumar yanayi ta ƙasar ce ke tafiyar da shi tun shekarun 1970, kuma ta ce mutum 350,000 zuwa 400,000 ne suka samu horonta. Aikin sa-kai ne zalla, ko sisi ba a ba su, man mota ma daga aljihunsu yake fita. (Kada mai karatu ya ji sa-kai ya tuna da masu bindiga na gida. Waɗannan makaminsu ido ne da rediyo.) Kafin lokacin guguwa ya kama, ma'aikatan hukumar kan zagaya gari-gari suna ba da darasi kyauta na kamar awa biyu. Akwai manoma a ciki, da direbobi da malaman makaranta da 'yan kwana-kwana.

Na taɓa tambayarsa, ƙasar da ke da rada (na'urar hango hadari daga nesa) da tauraron ɗan'adam, me za ta yi da idon tsoho? Bai ji haushi ba. Ya ce hasken rada miƙewa yake yi, ita kuwa duniya a lanƙwashe take, saboda haka iya nisan hadari daga na'urar, iya yadda take leƙen samansa ta bar ƙasansa. Tana iya ganin iska na juyawa a cikin gajimare, amma sau da yawa ba za ta tabbatar maka ko guguwar ta taɓa ƙasa ba. Wannan sai wanda ke tsaye a bakin titi yana kallo. Kuma ya ce gargaɗin da aka ce rada ce ta hango daban, wanda aka ce mutum ya gani da idonsa daban. Na biyun ne ke tayar da mai taurin kai daga kan kujera.

Na gane nufinsa wani dare a watan Mayu, muna tsugune a ramin fakewa da ke ƙarƙashin garejinmu, wuta ta ɗauke, ƙanƙara na dukan rufi kamar ana jifa. Ya ba ni aron ƙaramin rediyo irin oba-oba, ya ce in saurara kawai, kada in danna, tunda ba ni da lasisi. Abin da ya ba ni mamaki shi ne natsuwarsu. Ba ihu, ba salati da ƙarfi irin wanda nake yi a raina. Kowa ya faɗi lambar kiransa, ya faɗi mahaɗar titin da yake, da lokaci, da abin da ya gani: gajimare ya sauko yana juyawa, ko ƙanƙara girman ƙwallon golf. Mutum ɗaya ke jagorantar layin, shi ke miƙa rahoton ga ofishin hukumar da ke garin Norman. An koya musu kada su cika layi da surutu. Ƙanƙarar da ta kai inci 1 ko iskar da ta kai mil 58 a awa, daga nan ake kiran hadari mai tsanani. Da na ji sunan titin da suke ambata yana nisa da mu, sannan na iya haɗiye yawu.

Mutanen nan ba wasa suke da abin ba, don sun ga jiya. Garin Moore da ke kusa da mu guguwa ta daka shi ranar 3 ga Mayu 1999, ta sake dawowa ranar 20 ga Mayu 2013 ta kashe mutum 24, har da yara 7 a wata firamare. Kwana 11 bayan haka ta garin El Reno, mai faɗin mil 2.6, ta hallaka masanin guguwa Tim Samaras da ɗansa da abokin aikinsa, ƙwararrun da suka shekara suna wannan harka. Shi ya sa nake jin takaici idan aka haɗa masu gadin hadari da samarin da ke bin guguwa a guje don su samu bidiyon sa wa a Facebook. Maƙwabcina ba ya ɗaukar hoto, wurin tsayawarsa ma sai ya tabbatar yana da hanyar gudu biyu.

Amfanin rediyon kuma bai ƙare da wucewar iska ba. Lokacin da guguwar Maria ta kashe wuta da layukan waya a Puerto Rico a 2017, da lokacin da Helene ta yanke garuruwan kan duwatsu a North Carolina a 2024, masu rediyon nan na cikin waɗanda suka riƙa isar da saƙon wane yana raye, wane yana neman magani, da batir da eriya kawai. Ba zan ɓoye maka ba, da na ji labarin ɓallewar madatsar Alau da ambaliyar Maiduguri a Satumbar 2024, su ne suka fara faɗo mini a rai.

Roƙona, Malam Edita, guda ne. Tun 1999 ake ware Asabar ta farko a watan Disamba don karrama su. Idan ta zagayo, a ba su ko da sakin layi biyu ne a jaridarmu, a nemi ɗaya daga cikinsu a ji ta bakinsa. In ana buƙatar tafinta, ga ni; maƙwabcin nawa ya ce ya yarda, muddin ba ranar da hadari ya haɗo ba ce.

Na gode.

Naka,
Mai karatu daga Oklahoma, Amurka