Azumin Bana da Kwandon Sharar Gidanmu

Ɗan'uwana kuma aminina,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu, tare da fatan kana lafiya, kai da uwargida da yara. Na san shirun ya yi tsawo, kuma wasiƙarka ta ƙarshe tana nan ban amsa ba, amma abin da ya sa na ɗauki alƙalami yau ba zai jira haɗuwarmu ba, domin ya taɓo tsohuwar muhawarar nan tamu a kan ma'anar azumi.

Tun ranar Larabar Toka, mafarin azumin kwana arba'in, ni da iyalina muka ƙudurta cewa azumin bana ba zai tsaya a ciki kaɗai ba. Za mu kame hannunmu daga leda da robar da ake amfani da ita sau ɗaya a yar, mu kuma rage abin da muke zubarwa, har zuwa Ista. A makon farko ba mu hana kanmu komai ba, sai dai muka riƙa tara duk robar da ta shigo gidan wuri guda, ranar Asabar da yamma muka baje ta a ƙasa muka duba. Abin da na gani ya sa jikina ya yi sanyi: ledoji, kwalaben roba, murafe, da ƙunshin kayan da muka saya, waɗanda yawancinsu ba su yi mana aikin minti goma ba. 'Yar autarmu ce ta tambaye ni inda ake kai su bayan an kwashe, na kuwa ga cewa amsar da na saba bayarwa, wai an zubar, ba amsa ba ce, domin duk inda aka zubar ɗin ƙasar Allah ce, kuma akwai masu zama kusa da wurin.

Wannan tambaya ta sa na shiga karatu. Wani bincike da aka wallafa a 2017 ya ƙiyasta cewa daga 1950 zuwa 2015 an ƙera roba kimanin tan biliyan 8.3 a duniya, kuma cikin wadda ta zama shara kashi 9 cikin 100 ne kawai aka sake sarrafawa, aka ƙona kashi 12, sauran kashi 79 suna jibge a juji ko warwatse a ƙasa da ruwa. Roba ba ta ruɓewa kamar ganye, farfashewa take yi ta zama ɓurɓushi, ta shiga ruwa da cikin kifi. Dabba ta haɗiye leda ta toshe mata ciki, ƙona ta kuma hayaƙi mai guba ne ga maƙwabci. Ƙasar Bangaladash ta hana ledar cefane a 2002 bayan da aka ga yadda take toshe magudanan ruwa lokacin ambaliya, Ruwanda ta hana a 2008, Kenya kuma a 2017.

Na san abin da za ka ce, tunda har yau ba ka bar halinka na ja da ni ba: wai azumi addu'a ne da tuba da sadaka, me ya haɗa shi da kwandon shara? Na daɗe ina juya wannan a raina, kuma ga inda na tsaya. A Farawa 2:15 an sa mutum cikin gonar domin ya nome ta ya kuma kiyaye ta, ashe kiyayewa amana ce da ta riga faɗuwar mutum. A Ishaya 58 Ubangiji ya ƙi azumin da ke sunkuyar da kai alhali ana zaluntar wani, kuma ni na gamsu cewa sharar da nake turawa bayan gidan talaka tana cikin nauyin da nake ɗora masa ba da saninsa ba. Amma nassin da ya fi kama ni shi ne Yohanna 6:12. Bayan Yesu ya ciyar da mutum dubu biyar, ya umarci almajiransa su tattara gutsattsarin da suka rage don kada komai ya lalace, har aka cika kwanduna 12. Wanda yake da ikon yawaita gurasa yadda ya ga dama, shi ne bai yarda a bar ragowa a ƙasa ba, balle ni da ban iya halitta ko ƙwayar hatsi ɗaya ba.

Ba mu ne muka fara ba. A 2018 Cocin Ingila ta kira mabiyanta su ƙaurace wa robar amfani sau ɗaya a kwanaki arba'in na azumi, kuma tun a 2015 Fafaroma Francis ya yi Allah wadai da ɗabi'ar amfani da abu a jefar, yana cewa ita ce ke kai mu ga yi wa mutane haka nan.

Abin da muke yi a gida ba mai wuya ba ne. Muna fita da jakar yadi da gorar ruwa tamu, muna dafa daidai cikinmu, ɓawo da ragowar ganye suna komawa taki, abin da ya yage a ɗinke, wanda ya lalace a kai wa mai gyara. Wahalar tana cikin zuciya, domin kowace leda da na ƙi karɓa tana nuna mini yadda na saba da gaggawa da son sauƙi, kuma a nan ne na fara amfani da ita a matsayin tuni: duk lokacin da na ce a bar ledar, sai in yi gajeriyar addu'ar godiya.

Akwai abin da ke damuna, kuma kai kaɗai zan iya faɗa wa. A mako na uku na kama kaina ina kallon ledojin da ke hannun wasu a harabar coci da idon raini. Na tuna gargaɗin Ubangiji a Matiyu 6, cewa mai azumi ya wanke fuskarsa kada mutane su gane, na kuwa tuba. Mai ƙaramin ƙarfi sau da yawa ba shi da zaɓi sai abin da aka ƙunsa masa a leda, mara lafiya kuma maganinsa a cikin roba yake zuwa, ni ma akwai abubuwan da na kasa kauce musu. Saboda haka na daina yawan maganar a bainar jama'a.

Damuwata ta biyu ita ce bayan Ista, kada hannu ya koma inda ya saba. Uwargida ta ba da shawara mu sake baje robar gidan mu auna kanmu daga 1 ga Satumba zuwa 4 ga Oktoba, lokacin da ikkilisiyoyi da yawa suke keɓewa domin addu'a saboda halitta. Roƙona gare ka shi ne ku tara taku ta mako guda, ku baje ta a gaban yara, sa'an nan ka rubuto mini abin da suka tambaye ka. Ka gaishe mini da mutanen gida duka, ka kuma sa mu a addu'a cikin Makon Shan Wuya, makon ƙarshe kafin Ista.

Naka cikin Almasihu,
Amininka na kullum