Alƙalan Hoki Su Daina Sa Usur A Aljihu Lokacin Neman Kofin Stanley

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Na san hoki na ƙanƙara ba abincin yawancin masu karanta shafinku na wasanni ba ne, amma ku ba ni 'yar kusurwa. Akwai mu nan Jos, 'yan ƙalilan, da ke raba dare a gaban waya daga Afrilu zuwa Yuni, don wasannin neman Kofin Stanley na NHL, babbar gasar hoki ta Amurka da Kanada, sai wajen sha biyun dare suke farawa a agogonmu. Ɗan yayana da ke karatu a Winnipeg ne ya sa mini wannan jarabar.

Duk shekara gardamar ɗaya ce. Wani ɓangare na cewa in an zo neman kofi, alƙali ya kau da kai, a bar maza su yi wasa. Bangazar da a watan Nuwamba za ta kai mutum bencin hukunci na minti 2, ƙungiyarsa ta yi wasa da ragin mutum ɗaya, a watan Mayu sai a ce ai zafin gasa ne. Ni ban yarda ba. Alƙalin da ya ga laifi ya ƙi busawa, shi ma ya sa hannu a sakamako, ya dai fifita mai ƙarfi a kan mai gwaninta.

Hujjarsu babba ita ce wasan San Jose da Vegas na 2019, wasa na bakwai, wato na raba gardama. Vegas na gaba da 3 da nema a zango na uku, sai Cody Eakin na Vegas ya tura Joe Pavelski na San Jose da sanda, ya faɗi, kansa ya bugi ƙanƙara, jini na zuba. Aka ba Eakin babban hukunci na minti 5. Shi kuwa wannan ba ya ƙarewa don an ci ƙwallo, ba kamar na minti 2 ba. San Jose ta zura huɗu kafin ya cika, ta ci wasan 5 da 4 a ƙarin lokaci. Gaskiya an yi wa Vegas tsanani. To amma me aka yi bayan nan? Aka bai wa alƙalai damar duba bidiyo kafin su tabbatar da babban hukunci. Gyara ke nan, ba a ce su yi shiru ba.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda ake yaɗa bidiyon 2003 ana tafi. Scott Stevens na New Jersey ya yi wa Paul Kariya na Anaheim wata bangaza a wasa na shida na ƙarshen gasa, bayan faifan da ake bugawa a madadin ƙwallo ya riga ya bar sandarsa. Kariya ya kwanta rigingine, ko yatsa ba ya motsawa. Ba a busa komai ba. Ya dawo ya ci ƙwallo, aka yi ta kirarin jarumta. Daga baya shi da bakinsa ya ce ba ya tuna wasan, kuma bugun kai ne ya raba shi da sana'ar a 2011. Masu tafin ba sa kawo wannan.

Ba cewa nake a hana bangaza ba. Ko a dambe ana naushi, amma akwai inda ba a taɓawa, kuma ba a sassauta wannan don an zo karon ƙarshe. Kafaɗa a ƙirji, ga faifai a wurin, wannan hoki ne. Bugun kai kuwa tun 2010 aka kafa doka ta 48 a kansa, kuma a 2011 an dakatar da Aaron Rome na Vancouver wasa huɗu ana tsakiyar wasannin ƙarshe saboda bangazar da ya yi wa Nathan Horton na Boston. Ashe ana iyawa in an ga dama.

Don Allah in Afrilu ta zo ku riƙa sa mana ko layi biyu na sakamakon.

Naku,
Mai karatu daga Unguwar Rogo, Jos