Zuwa ga 'yata Ummi, kan takardun jami'o'in nan biyu

Assalamu alaikum.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina cikin ƙoshin lafiya, ke da mahaifiyarki da ƙannenki. Hotunan takardun da kika turo mini sun iso, kuma na yi kwana uku ina duba su duk lokacin da na tashi daga aiki. Na zaɓi in rubuto miki maimakon mu yi magana ta waya, domin lissafi ba ya zama a kunne, kuma na san murnar da kike ciki ba za ta bar ki ki saurari adadi ba. Murnar kuwa ta dace, tunda jami'o'i biyu na Amurka ne suka buɗe miki ƙofa da guminki. Allah ya ƙara basira.

Na lura hankalinki ya fi karkata ga jami'ar nan mai zaman kanta, saboda takardarta ta nuna cewa karatun shekara guda, haɗe da ɗakin kwana da abinci da littattafai, zai ci dala 80,000, sannan ta jera tallafin da shi ma ya kama dala 80,000 cif, har kika rubuto mini cewa ba za mu biya ko sisi ba. Ina so ki ɗauko takardar ki sake karanta ta layi bayan layi, kina tambayar kowane adadi ko kyauta ne, ko bashi, ko ladan aiki. Za ki tarar cewa dala 52,000 ce kaɗai kyauta, wato kuɗin da ba wanda zai biyo ki da su daga baya. Dala 5,500 rancen gwamnatin tarayya ne da sunanki. Dala 2,500 kuwa alkawarin aiki ne a cikin makaranta, wanda ke za ki nemo da kanki, a riƙa biyan ki gwargwadon sa'o'in da kika yi, saboda haka ba ya rage komai daga abin da za a nema a hannunmu kafin a fara zango. Sauran dala 20,000 ɗin shi ne rancen gwamnati na iyaye da suke kira Parent PLUS, kuma da sunana za a rubuta shi. Ban ce sun yi ƙarya ba, amma wanda ya jera bashi a ƙarƙashin kalmar tallafi ya san abin da yake yi.

Abin da ya rage a wuyanmu a can ke nan dala 28,000 a shekara. Jami'ar jiha kuwa, wadda kika ajiye takardarta gefe don kyautarta dala 19,000 ce kawai, jimillar kuɗinta dala 30,000 ne, abin da ya saura 11,000. A shekara huɗu, ko da ba a ƙara kuɗin makaranta ba, alhali kusan kowace shekara sai an ƙara, ɗaya ta kama dala 112,000, ɗayar kuma 44,000. Waɗannan adadi biyu su ne ya kamata ki kwatanta, domin girman kyautar da aka rubuta a saman takarda ba ya gaya wa mutum abin da zai fita daga aljihunsa.

Yanzu ga batun da ya fi hana ni barci. A shekarar karatu ta 2025 zuwa 2026, ruwan da gwamnati ta ɗora a kan rancen ɗaliban digirin farko kashi 6.39 ne cikin ɗari, na iyaye kuwa kashi 8.94, ban da sama da kashi 4 da ake zarewa daga na iyayen tun kafin kuɗin su isa makaranta. Dala 20,000 a kan wannan ƙa'ida tana haifar da ruwa na kusan dala 1,800 a shekara ɗaya, kuma a shekara ta biyu sai a sake ciwo wani bashin a ɗora a kai. Tsalle ɗaya ake yi a faɗa rijiya, Ummi, amma fitowa sai an yi dubu. A dokar ƙasar nan, ko kotu ta amince cewa mutum ya karye, da wuya ta sauke masa bashin karatu. Kin kuma san matsayin cin ruwa da bayar da shi a addininmu, kuma ni a shekaruna ba na son in sa hannu a takardar da zan ji nauyin amsa tambaya a kanta gobe kiyama. Akwai dai bambanci a cikin naki rancen: daga cikin dala 5,500 ɗin, har 3,500 na iya zama irin wanda gwamnati ke ɗauke ruwansa muddin kina karatu, da kuma wata shida bayan kin gama, yayin da ragowar ke fara tara ruwa tun ranar da aka fitar da shi. Ko ya halatta a karɓi na farkon da niyyar biyan sa kafin ruwan ya hau, wannan tambaya ce da zan kai wa malamai, ba zan yanke da ra'ayina ba.

Kada ki ɗauka na rufe ƙofar jami'ar da kike so. Ofishin tallafi na kowace jami'a yana da ikon sake duba lamarin ɗalibi idan halin gidansu ya canza, kuma namu ya canza. Fom ɗin neman tallafin karatu na gwamnatin tarayya da muka cike, wato FAFSA, ya dogara ne da harajin bara waccan, lokacin da mahaifiyarki ke aiki cikakke, kafin rashin lafiyar da ta sa ta rage. Ki rubuta musu cikin ladabi, ki bayyana wannan, ni kuma zan aiko da takardun albashi da na asibiti. A cikin wasiƙar ki tambaye su ko kyautar dala 52,000 ɗin ta shekara huɗu ce ko ta shekarar farko kaɗai, da makin da ake bukata kafin a sabunta ta, da kuma abin da zai faru idan kika samo wani tallafi daga waje, domin wasu makarantu kan rage tasu kyautar daidai da abin da ɗalibi ya samo. Ki nemi amsar a rubuce. Na taɓa dogara da alkawarin baki a wani ofishi, ranar da na koma kuwa wanda ya yi mini shi ya bar aiki.

Duk inda kika tafi, FAFSA kowace shekara ake sake cike shi, kuma tallafin gwamnatin tarayya mai suna Pell da ke cikin kyautar taki, wanda iyakarsa dala 7,395 ce a shekarar karatu ta 2025 zuwa 2026, yana tsayawa idan maki ya faɗi ƙasa da abin da makaranta ta gindaya, haka nan ba ya wuce kimanin shekara shida ta karatu. Ki kuma duba ko an sa inshorar lafiya a lissafin, domin in aka amince da wadda muke da ita ana iya cire tasu.

Yawancin jami'o'i suna jiran amsa zuwa ranar 1 ga Mayu, saboda haka ki tura wasiƙar cikin makon nan, kuma kada ki biya kuɗin riƙe gurbi a ko'ina sai na dawo mun zauna da mahaifiyarki da amsarsu a gabanmu. Ki yi istihara kafin lokacin. Ki gaishe mini da kowa da kowa.

Allah ya yi miki albarka.

Mahaifinki.